Badaru Maƙeri da Liyarin da Ya Yi Baƙi

Shekara ashirin da ɗaya rumfata tana jingine da ta Badaru a kasuwar Lafia, ni ina taka keken ɗinki, shi yana ƙirar azurfa. In ka ce na san shi ba ka yi ƙarya ba. In kuwa ka ce bai taɓa ba ni haushi ba, to ka yi ta. Mutum ne da za ka tambaye shi ko yau za a yi ruwa, ya ce maka bari ya duba tukuna. Ni kuma Baballe, Allah ya yi ni da garaje, kafin a gama tambaya na ba da amsa biyu.

Mahaifinsa Bakano ne, ya biyo fataken gishirin Keana da jakunansa, ya ga ƙasa mai ruwa da doya, ya ce shi kam ya iso. A nan aka haifi Badaru, kuma iyakar tafiyarsa a duniya Makurɗi, ita ma sau ɗaya, ya dawo yana cewa gadar ta yi masa tsawo. Gajere ne siriri, idonsa na hagu ya ƙanƙance saboda yawan duban ƙananan abubuwa. Zobba da awarwaro da 'yan kunne yake yi, matan Alago da na Eggon da Tibi da Fulani duk wurinsa suke zuwa, don bai taɓa haɗa wa kowa azurfa da dalma ba. Yana da wata ɗabi'a da muke yi masa dariya a kai: duk abin da aka miƙo masa sai ya kai hanci kafin ya kai ido. Har muka sa masa suna Hanci. Ba ya fushi, sai dai ya ce duk abin da ya taɓa ƙarfe sai ya bar masa shaida, mu ne ba mu iya karantawa ba.

Ranar da na daina yi masa wannan dariya ita ce wata safiyar kasuwa a kakar 1954, sabuwar doya ta cika gari. Mutum uku suka tsaya a bakin rumfarsa, Tibi ne daga wani ƙauye bayan Shabu. Gaba wata tsohuwa ce mai suna Mnena, goye da jaririya. Bayanta ɗanta Aondona, ƙato guda amma kansa a ƙasa. Can baya kuma matarsa Iveren, yarinya ce ƙarama, gaban rigarta ya jiƙe sharkaf da nono. Tun daga nan na san ba lafiya ba, don ban ga dalilin da uwa za ta taho hannu sake jaririyarta na bayan wata ba.

"Kai ne Badaru?" in ji tsohuwar. "Akawu na tasha ya ce mu zo wajen ka."

Sebastian take nufi, akawun tashar jirgi mai tara tsofaffin kuɗi a gwangwanin taba. Ta kwance bakin zaninta ta fito da liyari, babban kuɗin azurfar nan na mutanen dā wanda yanzu ba a sayen komai da shi, sai dai a ajiye ko a rataya a wuya. Sebastian ya daɗe yana zawarcin wannan na Mnena, tana hana shi, don na uwarta ne. Da suka kai masa shi wannan karon, ya juya ya juya, ya ce shi bai taɓa ganin irin wannan ɓaci ba.

Ni ma na leƙa. Gefen da ke da kan mace fari tas yake. Gefen da ke da tsuntsu mai kai biyu kuwa ya yi baƙi ƙirin, bakin-bakinsa na wani ƙyalli shuɗi-shuɗi kamar wuyan tattabara.

Mnena ta yi bayani da Hausarta ta kasuwa. Cibiyar jaririyar, Doose, ta ɗan turo, sai ta ɗora mata liyarin ta ɗaure da ƙyalle, kamar yadda ta yi wa 'ya'yanta shida, kuma ko sau ɗaya bai taɓa canza kala ba. Wannan karon kwana tara kawai ya yi.

"Azurfa ba ya baƙi sai ya ga guba," in ji ta. "Yarinya ba ya cin komai sai nono. To guba ya fito ina?"

Kwana biyu ke nan da ta raba Doose da nonon uwarta, tana ɗura mata ruwan koko da cokali. Gobe kuma Aondona zai mayar da Iveren gidan iyayenta. Wai sun zo ne kawai maƙeri ya tabbatar musu, ya kuma wanke liyarin. Na dubi Aondona na ji kamar in kwaɗa masa almakashi. Jaririyar ko kuka ba ta iya yi sosai, sai wani ɗan nishi.

"Gumi ne kawai!" na ce. "Hanci, goge musu abinsu su tafi su ba yarinya nono."

"In na goge, na goge shaida," in ji Badaru. "Kuma in gumi ne, me ya sa na yara shida bai yi ba?"

Haushi ya kama ni, amma gaskiyarsa ce. Sai a lokacin na lura ya kasa ɗauke ido daga kan jaririyar. Na kuwa san dalili. Da matarsa Talatu ta haifi ɗansu na fari, tsofaffin gidansu ne suka tatsi nononta a ƙoƙo suka jefa tururuwa, tururuwar ta mutu, aka ce nonon mugu ne, aka hana yaron sha. Yaron bai kai wata ba ya rasu. Badaru yana matashi lokacin, kunya ta hana shi buɗe baki, kuma bai taɓa yafe wa kansa wannan shirun ba.

Ya ɗauko guntayen azurfa uku masu tsabta ya jera a kan maƙera. Na farko ya shafa masa ruwan gishiri, ya ce wannan gumin Baballe ne. Na biyu ya ce nono yake so. Na sakaya wa Iveren da wata atamfa a cikin rumfata, ta tatso a murfin kwano tana hawaye ba sauti. Ya ɗiga a kan guntun, ya tura su biyun gefen wuta inda ɗumi kawai ke kaiwa, ya ce ɗumi na sa abin kwana tara ya nuna kansa kafin azahar. Muka zauna jira. Mutane suka fara taruwa, ka san kasuwa, ko kaza aka taka sai an yi da'ira. Da suka bushe ya goge su da tsumma, duka biyun fari fat.

"Mama, ga nonon surukarki," ya ce. "Bai yi wa azurfa komai ba."

"Wuta ya kashe guba," in ji Mnena, ko gezau.

Na ce a raina wannan tsohuwa kafiya ce da ita kamar jaki. Amma Badaru sai ya gyaɗa kai. Ya ce tana da hujja, don nuna abin da bai yi ɓarna ba bai isa ba, sai an nuna wanda ya yi. Ya roƙi a ba shi ƙyallen da aka ɗaure cibiyar da shi. Ya kai hanci, ya lumshe ido, ya daɗe har na fara buga ƙafa.

"Man kaɗanya," ya ce a hankali. "Da wani abu mai warin ashana."

Ya buɗe idanunsa, sai ya sauke su a kan hannun Mnena. Tun zuwanta take sosa tsakanin yatsunta, ni na gani ban kawo komai ba. A ɗan yatsanta akwai zoben azurfa, kuma shi ma ya yi baƙi.

"Mama, zoben nan naki, yaushe ya koma haka?"

Ta yi sauri ta tura hannun cikin zani. Ya sassauta murya, ya ce ba tuhuma yake yi ba, shi ma ƙazuwa ta taɓa cin yatsunsa wata damina. Da ƙyar maganar ta fito. Farar wuta ta saya a kasuwa, ta niƙa da man kaɗanya tana shafa wa ƙazuwarta. Da ta ga ƙuraje sun feso wa Doose a ƙarƙashin ɗaurin, sai ta riƙa lakata mata kaɗan kowace safiya in Iveren ta tafi rafi, sannan ta mayar da liyarin ta ɗaure. Ba ta faɗa wa kowa ba, don kada a ce ita ta shafa wa jikarta ƙazuwa. Maganin ma yana nan tare da ita a 'yar batta.

Badaru bai taɓa battar ba. Ya tura mata guntun azurfa na uku, ya ce ta shafa da hannunta, ta kuma ajiye shi da kanta inda ya ajiye sauran. Ta yi. Ba mu daɗe ba azurfar ta fara yin rawaya, ta koma ja-ja, shuɗin nan ya biyo baya, daga nan sai baƙi. Ya ɗauko shi da awartaki ya ajiye kusa da liyarin. Ko makaho ya shafa ya san abu ɗaya ne ya same su.

Bakina ya riga ya buɗe zan ce to ga mai gubar nan, sai na ji diddigen Badaru a kan babban yatsana na ƙafa. Har yau in sanyi ya yi ina tuna shi.

"Mama, maganinki ba guba ba ne," ya ce. "Dubi cikin yarinyar, ƙurajen sun bushe. Azurfa ce kawai ba ta shiri da farar wuta, ko'ina suka haɗu sai ta ɓata fuska. Liyarinki bai lalace ba, sama-sama ne, in kin so yau ɗin nan zan fitar miki da shi da lemon tsami. Ke kin yi don jikarki ta warke. Ita ma wancan abin da ke zuba a rigarta don jikarki ne."

Mnena ta dubi guntun da nono ya taɓa, ta dubi wanda hannunta ya taɓa. A nan haushinta ya fita daga raina, tausayi ya shiga, don ba ƙaramin abu ba ne babba ya ga kuskurensa a tsakiyar kasuwa. Aondona ya matso zai yi magana, ta ɗaga masa hannu. Ta sunkuya ta kwance goyon, ta juya wajen Iveren.

"Zauna," ta ce. "Karɓi ɗiyan ki."

Na jawo kujerata ta ɗinki na ba ta. Iveren ta rungume Doose ta kai ta ƙirji, amma yarinyar ta galabaita, ta kama ta saki, ta sake kamawa ta saki. Mnena ta durƙusa, ta tallafi ƙeyar jikarta da wannan hannun mai ƙazuwa, tana yi mata wata magana da Tibanci ƙasa-ƙasa. Can sai muka ji ƙwat, ƙwat, ƙwat, yarinya na haɗiya. Iveren ta fashe da kukan da ta riƙe kwana biyu, ni ma na ji daɗi har idona ya kawo ruwa, ban kuma ji kunyar kowa ba.

Mutane suka ƙara matsowa suna leƙe. Tsohuwar ta miƙe, ta cire mayafin kafaɗarta ta lulluɓe surukarta da jaririyar, sannan ta tsaya a gabansu ta riƙe ƙugu.

"Me kuna kallo?" ta daka musu tsawa. "Ba ku taɓa ganin uwa yana ba ɗiyan shi nono ba? Ku matsa, ku bar ɗiya na Iveren ya sha iska!"