Dalma a Ƙundun Kaza

Shekarar da 'yata ta fara rarrafe, harsashi ya yi tsada a kasuwar Maigatari, maigidana ya ce shi kam ya daina saye. Da rani farauta yake yi, zomo da zabon daji. Sai ya koma tsinto kwanson harsashin da ya harba, ya sake cika shi a gida.

Ni abin burge ni yake yi. Bayan la'asar zai shimfiɗa buhu a gindin darbejiya, ya jera kwanso jajaye, ga gwangwanin albarushi, ga ƙwayoyin dalma a tsohuwar tasa, ƙanana kamar dawa. Ina tankaɗe ina leƙe. Rannan na kasa haƙuri.

"Malam, wai da gaske hakan ya fi araha?"

"Ke da ba ki san bakin bindiga da gindinta ba?" Ya yi dariya. "Nesa ba kusa ba."

"To wanda ya ƙi tashi shekaranjiya fa, zomo ya tsaya yana kallonka?"

"Wannan da sauran kwanansa ne."

Abin da ke damuna, dalmar nan gangarawa take yi. In ya tashi sai in bi wurin da tsintsiya, amma tsakar gidanmu rairayi ne, me zan gani? Yarinyar kuwa duk abin da hannunta ya taɓa, sai baki.

Wata Juma'a muka yi baƙi daga Ɗanzomo, aka yanka kaza. Ina gyara ta na tsaga ƙundu, sai ga dalma a cikin tsakuwa, ta yi sumul. Na daɗe ina juya ta a tafin hannu. Ashe kaza tana ganin abin da ni ba na gani. Da na ɗaga kai, 'yata na zaune a gindin bishiyar, bakinta duk ƙasa. Na sa yatsa na laluba, ta cije ni. Ba komai a bakin. Na ciki kuwa, wa ya sani?

Da baƙin suka tafi na ajiye masa ƙundun yadda yake, a murfin kwano. Ya duba, ya dubi yarinyar.

"Ina kazar nan take kiwo?"

Na nuna masa gindin darbejiyar da baki.

Washegari ƙarar shebur ce ta fito da ni daga ɗaki. Ya kankare ƙasar wurin kaf, ya zuba a amalanke, ya ɗora buhun kayan aikinsa a kai, ya nufi bukkar gona da su.

"Goya ta," ya ce daga bakin ƙofa. "In na dawo mu je asibitin Gumel a duba ta."