Mai Amalanke Ya Ƙera Kwalekwale

Yayana Yunusu tun yana saurayi yake ƙera amalanke a Tawa, kuma daga Afala har Barmu babu mai jaki da bai san aikinsa ba. Aibinsa ɗaya ne: ba ya jin magana.

Bara na sayo injin jirgi mai farfela don in riƙa kamun kifi a tafkin Tabalak, sai ya rantse shi zai yi mini kwalekwalen. Da na je dubawa, na tarar ya ɗaure gaban da ƙarfe tamau. Bayan kuwa, inda za a ɗaura injin, wani siririn katako ya buga.

Na ce, "Yaya, farfela daga baya take turawa. Duk ƙarfin injin a kan katakon nan zai sauka."

Ya ce, "Kai Rashidu, ina ka taɓa ganin an ɗaura jaki a bayan amalanke? Wahala a gaba take."

Ranar gwaji ya zo da babbar riga, ya hakimce a gaba. Ina ba inji wuta katakon ya yi ƙara ya ɓalle, injina ya nutse da shi. Ruwa ya cika jirgin, masunta suka jawo mu bakin tafki suna dariya.

Ni takaici ya hana ni magana. Shi kuwa ya tsuguna, riga tana ɗigar ruwa, yana shafa hancin jirgin.

Ya ce, "Zo ka ga aiki. Gaban nan ko tsagewa bai yi ba."