Ranar da Kawu Iddi Ya Ɗauki Magana

Duk ɗan Zangon Kumasi ko Accra da ke zaune a Dubai, tsakanin International City da Al Qusais, ya san Kawu Iddi. Wanda bai taɓa ganinsa ba ya taɓa jin muryarsa a waya, domin ba a suna ko ɗaurin aure ba tare da wani ya naɗi jawabinsa ya watsa ba. Gajere ne, mai kaurin wuya, kuma aikin da yake ci da shi ba ruwansa da magana. A wani siton kago yake, inda ake tura kaya ta jirgin sama, yana naɗe kwalaye da leda yana ɗora su a sikeli.

Sahada ta san shi tun tana yarinya a Aboabo, cikin Kumasi. Mahaifinsa ne mai ɗaukar magana a zauren sarkin unguwarsu. A wannan zaure ba a jefa wa taro magana kai tsaye. Mai magana zai faɗi tasa ƙasa-ƙasa, sai mai ɗauka ya miƙe ya isar wa jama'a, ya cire mata ƙaya, ya sa mata riga. Iddi ya gaji wannan, kuma da ya zo Dubai bai baro shi a gida ba. Da bakinsa aka mayar da wani auren da ya mutu, da bakinsa aka hana wasu samari biyu kai juna wajen 'yan sanda a kan gadon kwana.

"Kawu, kai ko kwalbar lemo ka yi wa jawabi sai ta buɗe kanta," in ji samari.

"Kawo lemon tukuna," yakan ce. "Kai da ko ruwan sanyi ba ka taɓa saya wa Musulmi ba."

Yayan Sahada, Abdul-Jalil, shi ya kawo ta Dubai bayan ta gama jami'a, ya samo mata aikin karɓar baƙi a wani ƙaramin asibiti a Al Khabaisi. Shi babur yake tuƙawa, yana kai wa mutane abinci. Wata rana da azahar mota ta buge shi a shataletale, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Da Sahada ta kira gida, mahaifiyarsu Mma ba ta yi kururuwa ba. Abu ɗaya ta ce.

"Sahada, ki kawo mini shi. Kusa da babansa nake so ya kwanta, a maƙabartar Tafo."

"Zan kawo shi, Mma. Na yi miki alkawari."

Kamfanin da yake wa aiki ya ce zai ɗauki nauyin jirgi, saboda haka da aka kira taro ranar Lahadi bayan la'asar a gidan Malam Muhyiddeen, dattijon da ke jan su salla, Sahada ta ɗauka tsara tafiya kawai za a yi. Maza sun cika falo, takalma sun taru har bakin matakala. Ita tana zaune a ƙofar kicin tare da mata.

Kawu Iddi ya zo ya durƙusa kusa da ita. "'Yata, me za a gaya wa jama'a?"

"Mma tana so a kai mata ɗanta."

Ya miƙe ya isar. Ya yi maganar uwa da nono da goyo, ya ce tsohuwa ta aiko da roƙo ba umarni ba. Mutane suka gyaɗa kai. Hankalin Sahada ya ɗan kwanta.

Sai Malam Muhyiddeen ya yafito shi. Abin da Malam ya faɗa bai fi numfashi ɗaya ba, Sahada ta ji da kunnenta: ƙasa duk ta Allah ce, kuma gaggauta binne mamaci ya fi.

Kawu Iddi ya miƙe. Da farko ya maimaita maganar Malam kamar yadda aka ba shi. Wani daga baya ya ce, "Haka ne." Sai ya dubi tafin hannuwansa, ya ɗaga su sama.

"Jama'a, kun ga hannuwan nan? Sun taɓa ɗaukar mutum, amma ba a makara ba. Ku a wajenku tafiya gida jirgi ne da kujera. Ni na san ta ƙasan jirgin. Kafin a karɓe shi sai an tsira masa allura an ɗura masa magani. A sa shi a akwati a buga ƙusa. A kawo shi wajen irina. In ɗora shi a sikeli." Ya sassauta murya har sai da na baya suka miƙa wuya. "Abdul-Jalil ɗin da ya kai wa Sadick magani lokacin da kowa ke gudun ɗakinsa, a sikeli. A manna masa lamba. Tayoyi a damansa, kwalayen waya a hagunsa. Ba mai yi masa sallama. In jirgi ya cika, a ce ya jira na gobe."

Sadick ya kifa kai yana kuka. Wata mata a bayan Sahada ta fara salati. Kawu Iddi bai tsaya ba, kamar ma ba zai iya tsayawa ba. Ya kai su Accra, ya hau da su motar Kumasi cikin rana, ya nuna musu tsohuwa tana roƙon a buɗe mata akwati ana riƙe ta. Sannan ya juyo da su nan kusa, maƙabartar Al Qusais: ruwan ɗumi, farin ƙyalle, sahu-sahu na mutanen da suka ci abinci da shi.

"Yaron nan ya gaji da hanya," ya ce. "Tun safe har dare a kan hanya yake. Ku bar shi ya sauka."

Sahada ta ga sikelin. Ta ga ƙafafun yayanta kusa da tayoyi. Lokacin da Kawu Iddi ya sake durƙusawa gabanta ya ce, "'Yata, jama'a na jiran ki," bakinta ne ya riga ta.

"A binne shi."

"Khalas, shi ke nan," wani ya ce, aka shafa fatiha.

Tun a bas ɗin komawa maganar ta fara sakin ta, alkawarin ya dawo ya zauna mata a ƙirji. Ta ce gobe za ta je ta warware. Gobe ta yi, ta tsaya a ƙofar Malam, ta nemi abin faɗa ta rasa, sai waccan jimla ɗaya tata, wadda a yanzu ta yi mata kama da son kai. Mma tana ta kira, ita kuma tana cewa ana kan takardu. Haka aka yi ta yi har aka binne shi.

Da aka dawo daga maƙabarta ta tare Kawu Iddi a gindin bene, takalmansa duk yashi.

"Kawu, kai ka ɗaura, kai za ka gaya mata."

Ta kira Mma, ya karɓi wayar. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya yi ta'aziyya, ya fara ɗauko zancen sahun da aka yi da yawan jama'a. Muryarsa ta soma hawa.

"Iddi," Mma ta katse shi. "Na san ka, na san ubanka. Ba ni 'yata."

Ya miƙa wayar. Sahada ba ta taɓa ganin bakinsa a buɗe ba kalma a ciki sai ranar.

"Ke kika yarda?" in ji Mma.

"Ni ce, Mma. Amma ki ji... a sikeli za su ɗora shi. Akwai tayoyi. Da ƙusa." Ta ji kalmomin suna faɗowa ɗaya-ɗaya, busassu, ba abin da ya rage a cikinsu na abin da ya sa falo guda kuka.

"Ko a buhu ne da na karɓa," in ji Mma. "Likkafanin da na sayo wa kaina a Makka na ciro, na shanya masa. Ga shi nan a kan igiya."

Sahada ta dubi Kawu Iddi, ko zai ba ta abin da za ta ce. Ya sunkuya yana kakkaɓe yashin takalminsa, ya daɗe yana kakkaɓewa.

"Mma?"

"Ina jin ki. Bari in je in ɗauke shi, hadari ya taso."