Ragon Makarantar Fada

Har yau in aka zauna hira a garinmu aka taɓo zancen makarantar Fada, sai ka ji wani ya ce ai da fatar rago aka sayi kakana. Wai Fada, limamin cocin da ya buɗe makarantar, ya ba shi fata, shi kuma ya ba da jikarsa. Na ji wannan magana a bakin mata wajen daka, na ji ta a bakin maza masu furfura, har baffana ya taɓa faɗinta a gabana ko nauyi bai ji ba. Ƙarya ce. Ni ce jikar. Fatar kuma ga ta nan a ɗakina, an jeme ta ta zama buzu, gashin ya cinye daidai inda gwiwoyin tsohon suke sauka in yana salla. Na gaji da bin mutane ɗaya-ɗaya ina gyara musu zance, shi ya sa na zauna na rubuta.

Garinmu yana tsakanin Ikara da Makarfi, garin rake da gyaɗa. Kakana malami ne, kowa Malam yake ce masa, har 'ya'yan da ya haifa. Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Makarantar En'e, wato ta hukuma, tana da nisa, ta Fada kuwa ga ta a bakin gari, ajujuwan jar ƙasa da rufin kwano, da gicciye a saman ƙofa. Yawancin yaran 'ya'yan Maguzawan da suka shiga coci ne, sai 'ya'yan baƙi ma'aikata, mu Musulmi 'yan kaɗan. Mahaifina ne ya nace a samu mai boko ko da ɗaya a gidan. Malam ya daɗe yana ƙi. Ranar da ya gaji ya ce, “Maza dai ba ka taɓa mini ko ɗaya. Ga uwar magana nan, kai musu ita, ko Allah zai sa su gajiyar da bakinta.”

Ba su gajiyar da shi ba. Na so makarantar nan kamar raina, kuma ba abin da na fi so kamar makon da za a yi hutu. Karatu ya tsaya. Mu kinkimi benci mu kai rafi mu goge da yashi, mu share fili, mu shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa har hannuwanmu su tsage. Ana koya mana waƙa da tseren buhu. Hedimasta, mutumin kudancin Zariya ne, dogo, Hausa a bakinsa ta fi ta wasunmu, a makon nan ajiye bulalarsa yake yi. Fada kuwa Bature ne, a Zariya yake zaune, sai ranar hutu muke jin ƙugin motarsa tun daga gada.

Wata shekara, a hutun tsakiyar damina, Fada ya ce a gayyato iyaye a ci abinci tare. Marka ake yi, ƙasa duk ta jiƙe, dawa ta kai ƙirji. Malam ya je saboda dagaci ya je. Da idona na ga an sauke nama daga bayan mota, yankakke, cike da daro, an rufe da ganye. Matan coci suka dafa shi da shinkafa. Ƙamshin miyar nan har yau in na tuna sai yawuna ya tsinke.

Aka jera dattawa a benci ƙarƙashin ɗorawa, aka ajiye wa kowa kwano. Suka ce madalla, an gode, Allah ya ƙara arziki. Ba wanda ya sa hannu. Wannan ya ce azumin nafila yake yi, wancan ya ce cikinsa ne ba daɗi, dagaci ya ce yanzun nan ya tashi daga kan tuwo. Malam kuwa carbinsa kawai yake ja. Mu yara kuwa harara ɗaya ta ishe mu, muka janye hannu. Maguzawa suka ci suka suɗe kwano, namu kwanonin ƙudaje suka gaje su. Fada yana ta zagayawa yana cewa, “Ku ci, ku ci mana,” fuskarsa ta yi ja kamar tumatir.

In ba a ƙauye ka tashi ba, bari in gaya maka abin da ya faru. A wurinmu nama ba ya faɗowa daga sama. Za ka ga dabbar a ɗaure, ka san wanda ya sa mata wuƙa, ka ga fatar an kafe ta a rana, ka ji ƙaurin babbakar kai da ƙafa. Wannan naman ba kai, ba ƙafa, ba fata. Kuma ba dattijon da zai dubi wanda ya gayyace shi ya ce, me ka ba ni, wa ya yanka? Gara ya yi ƙaryar azumi. Kafin rana ta faɗi, zance ya gama gari cewa alade ne.

Washegari Malam ya kira mahaifina zaure, ni ina laɓe a bayan asabari. Ya ce, “Ta ƙarasa shekarar tunda an fara. Ranar da aka yi hutun kaka, ta ajiye musu littafinsu, ta dawo gida.” Mahaifina ya sunkuyar da kai ya ce to. Na je bayan rumbu na yi kuka har na gaji. Da kukan ya ƙare sai haushi ya maye gurbinsa. Manya duka, da gemu da rawani, an rasa wanda zai buɗe baki ya yi tambaya ɗaya, ni kuma za a cire ni daga makaranta a kan haka?

Ranar da aka koma, ban jira an shiga aji ba. Na tare Hedimasta a bakin ofis na durƙusa na gaishe shi, na ce, “Yallaɓai, naman mene ne kuka ba mu?”

Ya dube ni kamar bai gane ba. “Naman sa ne mana. Ni na raka Fada wurin mahauta a kasuwar Zariya, don in tabbatar Musulmi ne suka yanka.”

“To me ya hana ka faɗa?”

“Wa ya tambaye ni?” Sai ya dafe kai. “Ashe abin da ya hana su ci ke nan. Fada kuwa yana can yana ganin makarantar ce ba sa so.”

Da gudu na koma gida da wannan labari, ina ganin magana ta ƙare. Tsakanin jika da kaka akwai wasa, abin da mahaifina ba zai iya faɗa wa Malam ba ni ina faɗa, in sha da dariya. Na same shi yana fiƙe alƙalami na ce, “Tsoho, ka zargi mutane a banza. Sa ne, mahautan Zariya suka yanka.”

Bai ko ɗago ba. “Amarya, wa ya gani?”

“Hedimasta.”

“Ke kin gani?”

“A'a.”

“To ni ma ban gani ba. Na ji dai. Jeki ki ɗebo mini ruwa.”

Na ɗebo ruwan, amma maganar ta zauna mini a rai. Gani yake so? To za a nuna masa. Na koma wa Hedimasta na ce in za a yi abinci a hutun kaka, kada a kawo nama a mota. A sayo rago da ransa, a ɗaure shi inda kowa zai gani, a kuma roƙi Malam ya zo ya yanka da hannunsa. Hedimasta ya ce, “Ke, malami guda zai tako makarantar coci da wuƙa?” Na ce ya bar mini wannan.

Bayan kasuwar Makarfi ta ci, sai ga rago fari mai baƙin kunne an ɗaure shi a gindin ɗorawar nan, daf da hanyar da kowa yake bi zuwa gona. Mu muka yi kiwonsa. Ruwa ya ɗauke, aka shiga cirar gyaɗa, kowane yaro ya zo da ƙullin harawa a ka, wasu da dusa, wasu da kan rake. Ragon ya yi ƙiba har tafiya yake da yanga. Masu wucewa suna tsayawa su taɓa bayansa su ce, kai, na Fada ya yi mai. A lokacin nan gari duk ƙamshin mazarƙwaila yake, ana ta dafa ruwan rake a bakin fadama.

Hedimasta ya zo gidanmu da kansa. Ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa, ya yi gaisuwa mai tsawo, gida, iyali, gajiya, amfanin gona, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Malam ya saurara har ƙarshe ya ce, “Allah ya kai mu.” Wanda ya san Malam ya san wannan ba e ba ce, ba kuma a'a ba.

Da baƙon ya fita na shiga. Na ce, “Tsoho, za ka je ko ba za ka je ba?”

“Ke ba a koya muku haƙuri a can?”

“In ka ƙi zuwa, mai wa'azin cocin ne zai yanka. Yaran Musulmi su ne suka yi kiwon ragon nan, wallahi sai sun ci ko a ɓoye. To alhakin a wuyan wa?”

Ya ajiye alƙalamin ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Ya ce, “Bakin nan naki, ko dai ya kai ki gaba ko ya kai ki gaban alƙali. Tashi ki ba ni wuri.”

Ranar hutu na tafi makaranta ban karya ba. Mun jera benci, motar Fada ta iso, iyaye suna ta zuwa, hantsi ya ɗaga, ba Malam. Matan coci sun hura wuta suna jiran nama. Hedimasta sai duban hanya yake, ya dube ni, ni kuma in kau da kai. Ina tsaye kusa da ragon ina riƙe da igiyarsa kamar wani zai ƙwace.

Sai ga shi tafe ta cikin karan dawa, a hankali, da farar rigarsa ta Juma'a, wuƙa cikin kube a hannunsa. Bai shiga aji ba, bai ko dubi ƙofar ba. A gindin ɗorawa ya tsaya, ya sa aka haƙa rami, ya juyar da ragon gabas. Ya ce a riƙe masa ƙafafu. Kafin kowa ya motsa, Fada ya cire hularsa ya durƙusa a ƙasa ya kama na baya. Malam ya yi bisimilla ya ja wuƙa. Jini ya fantsama a farar rigar Fada, bai saki ba sai da ragon ya daina shure-shure.

Ranar nan ba wanda ya yi azumin nafila. Dagaci har ƙari ya nema. Aka yi tseren buhu, aka yi waƙa, Hedimasta ya tsaya ya kira sakamakon kowa da ƙarfi, waɗanda suka ci ana tafa musu, waɗanda suka faɗi suna ɓoye fuska a zanen uwayensu. Da za a watse aka miƙa wa Malam fata da wuya, kamar yadda ake yi wa duk wanda ya yi yanka a ko'ina. Ba wani abu ba ne daban.

Ni na ɗauko fatar a ka cikin daro. Muna tafe yana gaba ina baya, bai ce uffan ba game da makaranta. Na daure, na daure, da muka kai bakin rijiya na kasa. Na ce, “Tsoho, zan koma ko ba zan koma ba?”

Ya ce, “In kin bari, wa zai riƙa kawo mini fata?”

Wasa ne na kaka da jika. Amma akwai mata a bakin rijiyar suna jan ruwa, kuma daga nan zancen ya samo asali. Abin da ba su ji ba shi ne wanda ya faɗa wa mahaifina da muka isa gida. Ya ce, “Mutanen nan sun bar ni na riƙe wuƙa a gidansu. Ta ci gaba.” Tun daga nan duk hutun kaka shi yake yankan, har shekarar da ƙafa ta hana shi fita.

Yanzu Malam ya rasu, Fada ya koma ƙasarsu, makarantar ta koma hannun gwamnati, an cire gicciyen. Na gama sakandare na dawo gida, ranar hutun da ya wuce na bi ta wurin. Ba benci a waje, ba hayaƙi, ba uba ko ɗaya. An buga ƙararrawa, yara suka watse kamar an kori kaji, 'yan matan cikinsu ba su taka kara sun karya ba. Baffana yana da 'ya'ya mata har sun isa shiga aji, ya ce shi ba mai sayensa da fata.

An samo mini aikin buga tafireta a Kaduna, na ce a ba wata. Na nemi koyarwa a makarantar nan, an kuma ɗauke ni. Jiya na je kasuwar Makarfi na sayo ɗan rago, ranar da aka buɗe makaranta zan ɗaure shi a gindin ɗorawa. Baffa ne ya gaji zauren Malam, shi ya gaji wuƙarsa. Gobe da safe zan je in gaishe shi, in ce masa ya fara wasa wuƙar.