Hoton Kaka da Rumbun Gero

Saura kaɗan in bar labarin nan a cikina, don akwai laifina a ciki, kuma waɗanda sunka rufa mani asiri duk sun riga mu gidan gaskiya. To amma kwanan baya a Kumasi na wuce ta ƙofar wani tsohon shagon hoto, warin maganin wanke hoto ya bugi hancina, mai tsami-tsamin nan, sai ga ni a gidanmu na Gummi ina ɗan shekara goma.

Kawuna, ƙanen Inna, mai hoto ne. Kyamararsa akwatin katako ce mai ƙafa uku, da baƙin ƙyallen da yake lulluɓa. Fim ɗinsa ba na naɗi ba ne, falle-falle ne, kowane ya fi tafin hannu faɗi, kuma falle guda hoto guda. Yakan ɗaure kayan a keke ya ci kasuwar Bukkuyum, wani sa'in har Anka. Duk ƙasar nan ya ɗauki mutane, ban da mahaifiyarsa. Kaka ta ce ita ba ta ga dalilin da mutum zai bar fuskarsa a takarda ba, alhali ga ta nan a wuyansa.

Abin da ya karya ta wasiƙa ce. Babban ɗanta ya tafi aikin hajji ta ƙasa, ya zauna can shekaru, ya aiko yana roƙon a kai masa fuskar Innarsa. Mai komawa da saƙon kuwa jibi zai tashi. Kaka ta yi wanka, ta sa zanen saƙi, ta zauna bisa turmi ta ce, "Sau guda. In ya ɓaci, ya ɓaci." Ko ba ta faɗa ba, falle guda ya rage wa Kawu, kuma sai Kano ake samo wani.

Ɗauka ba ta yi wuya ba. Wankin ne ya raba kan gidan. Bazara ce, irin wadda ko ƙadangare ke neman inuwa, kuma ɗakin da Kawu ke wanki rufin kwano ne, ruwa na shiga ya zama na shayi. Zafi kuwa narkar da fuskar fim yake yi.

Hanya biyu gare shi. Akwai wani baƙin gwangwani mai murfi da ya sayo a Kano, a sa fim ciki a rufe, a zuba magani ta baki ana jujjuyawa, hannu bai taɓa komai ba. Wannan hanyar Baba ya fi so, don shi mutum ne mai girmama duk abin da anka saya da tsada. Amma gwangwanin shan magani gare shi, maganin Kawu kuwa ya yi ƙasa, kuma ya taɓa fitar da wani ango da zane-zane a fuska kamar an yi masa tsaga. Ɗaya hanyar ita ce ta da: tasa uku a jere cikin duhu, a riƙa ɗaga fim da hannu daga wannan zuwa waccan.

"Tasa ba ta taɓa ba ni kunya ba," in ji Kawu. "Duhu da sanyi nika nema."

Inna ce, tana tankaɗe ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Rumbu fa?"

Rumbun geronmu na ƙasa ne, bakinsa a sama, kuma a bazara ya kusa zama wayam. Cikinsa sanyi, in an kife baki ko tafinka ba ka gani. Sai dai bakin ƙarami ne, Kawu kuwa Allah ya yi masa albarkar tumbi. Ya gwada, ya tsaya a ƙugu, sai da Baba ya jawo shi ta ƙafa. Duk gidan ni kaɗai ne na saba shiga ɗebo damman gero, don haka aikin ya faɗo kaina.

Ya koya mani da kwali har sau bakwai. A riƙe ta gefe, kamar yadda ake riƙe faifai mai zafi. Kada yatsa ya taɓa tsakiya. Anka ɗebo ruwa daga randar Inna, na shiga rumbu, anka zura mani tasoshin da igiya, da fim ɗin a rufe cikin gidansa. Kawu zai tsaya a waje da carbi yana ƙirga, in lokaci ya yi ya bugi bango, in sake tasa. Kaka ta leƙo ta ce, "Angona, ka riƙe ni da kyau, kada ka yar da ni." Sannan anka kife baki da tabarma da bargo.

Har yau ina jin ƙaiƙayin geron nan a wuyana, da motsin ruwa a tasa, da muryar Kawu can nesa kamar daga rijiya. Komai na tafiya daidai, sai wani abu ya bi ta kan ƙafata, ɓera ne ko mene ne, oho. Na zabura, fim ya suɓuce ya kwanta a gindin tasa, ya manne. Na lalubi gefe ban samu ba. Kawu ya bugi bango. Sai na danna babban yatsana a tsakiya na ɗago shi.

Da hoton ya fito, Kaka ta fito ras, idon nan nata mai raina mutane, da kowane zare na zanenta. A kumatunta na hagu kuwa ga tambarin yatsa, layi-layi. Kawu ya daɗe yana dubawa, ya dube ni sau guda, ya ce wa mutane, "Zahin ruwa na." Baba ya ce ai da ma ya faɗa, gwangwani ya fi. Kawu ya ɗauki laifin, kuma shekara da shekaru ana yi masa ba'a da wannan. Kaka ta karɓa, ta kai shi kusa da ido, ta ce, "A kai mashi hakanan." Anka buga biyu, ɗaya ya tafi gabas, ɗaya ya zauna a gida. Damina biyu bayan nan ta rasu, ba a sake ɗaukarta ba.

Yanzu rumbun ya rushe, samarin unguwa sun koma haƙar zinariya, hanyar gida ma ba kullum take biyuwa ba. 'Ya'yana kan ɗauki hoto talatin a waya kafin su zaɓi guda, in akwai ƙurji su goge shi da yatsa. Ban ce sun yi laifi ba. Ni dai na yi yawon duniya, an ɗauke ni a garuruwan da na manta sunansu, kuma babu hoton da nake ciki kamar wancan da ba a ga fuskata ba.

Da na je gida da sallar bara na tara ƙarfin hali na faɗa wa yayata gaskiya, hoton yana hannunta. Na zaci za ta yi salati. Dariya ta yi har da share hawaye, sannan ta ce, "Kai a zatonka Kaka, matar da ta yanke maka farce tun kana goye, ba ta san yatsanka ba?"