Kifi Mai Ƙwai a Tafkin Thamesmead

Cikin farko ya zo wa matata da laulayin da ban taɓa ganin irinsa ba. Ko ruwa ta sha sai ya dawo. Muna can saman bene a unguwar Thamesmead ta ƙasar Turawa, ni ɗalibi, babu uwa babu inna kusa. Ta rame har zobe ya soma zamewa daga yatsanta. Likita ta faɗa mini gar da gar cewa in ba ta soma cin abinci ba, cikin zai iya zubewa.

Abu ɗaya take kira: romon kifi irin na Yawuri, wanda aka ciro daga ruwa yana wutsil-wutsil. Na sayo daskararre a kanti. Tun daga ƙofa ta ji ƙarninsa ta ruga banɗaki.

Ni kuwa jikan masunta ne, ga tafki shimfiɗe ƙarƙashin tagarmu. Kullum ina yi wa Turawan da ke zama bakinsa dariya: mutum ya wuni, ya kama kifi, ya ɗauki hoto, ya mayar. Wannan karon ban ga ko ɗaya ba, na ce Allah ne ya share mini fili. Ashe lokacin zuba ƙwai ne, an hana kamu.

Na tono tana, na jefa fatsa. Hantsi bai yi ba na jawo wata ƙatuwa, cikinta ya yi tim da ƙwai. A gidanmu ba a cin irin wannan, kakana da kansa yake mayar da ita ruwa.

Ina riƙe da ita sai ga wani tsohon Bature da karensa, mai kula da tafkin. Ya ce in mayar, ko ya kira 'yan sanda. Turancina kaf ya gudu. Na dai ce masa matata na da ciki, ba ta ci, wannan kaɗai take so. Ban san ina hawaye ba sai da na ji gishiri a bakina.

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya juya mini baya, ya shiga yi wa karensa faɗa, alhali karen bai yi komai ba. Na cusa kifin cikin kwat na haye sama.

Matata ta dage sai ta gyara shi da hannunta. Da wuƙa ta shiga, ƙwai ya zubo cikin kwano, jingim. Ta tsaya cak.

"Malam, ita ma ciki gare ta," ta ce.

"In jefar da ita?"

Ta zauna a ƙasan kicin tana kuka, hannu ɗaya a kan nata cikin. Na tsaya ina jiran ta ruga banɗaki kamar kullum, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Can ta share fuska da bayan hannu, ta miƙo mini ɗaya hannun.

"Ba ni barkono," ta ce.