Tausar da ta kusa kashe ni

Wata uku ke nan ba ku ji ɗuriyata ba. Wasu har sun ce na gudu Kamaru. Asibiti na kwanta, jama'a, sannan na yi jinya a gida.

Na raka shanu Legas na dawo Mubi, kwana biyu a naɗe cikin mota. Washegari Asabar, don taurin kai, na tafi ƙwallonmu na tsofaffi. Da muka tashi sai sha-raɓata ta hagu ta kumbura, ga zafi.

Buba golanmu, wanda shi ke mana tausa, ya ce, "Yakubu, tsoka ne ya ɗaure, kwanta." Ya shafa man zafi, ya ɗauko kwalbar lemo ya yi ta murzawa. Ina ihu, abokai na dariya. Ni ma ina dariya!

Ban kai gida ba numfashina ya fara sarƙewa. Ƙirjina kamar an ɗora buhun masara. Na yi tari, na ga jini.

Matata Rifkatu ta tare keke napep. Daga asibitin gari aka tura mu Yola, aka sa mini iskar numfashi, aka ɗauki hoton ƙafa da ƙirji.

Likita ta ce, "Gudan jini ne a jijiyar ƙafarka, dogon zama ya kawo shi. Wani yanki ya ɓalle ya tafi huhu. An matsa wurin?"

Na ce da kwalba ma. Ta ajiye biro ta dube ni.

Shekara goma ana mini tausar nan!

Ta ce tausa tana da amfani ga tsokar da ta gaji: tana sassauta ta, jini ya zaga, ciwo ya ragu. Amma kan gudan jini, tana iya tunkuɗa shi.

Kwana tara ina shan allura a fatar ciki. Na ji tsoro, na yi kuka, Rifkatu ta gani. Har yanzu ina kan maganin tsinka jini.

Na gode wa Allah, da ma'aikatan jinya, da Rifkatu. Buba, daina kuka, ba ka sani ba.

Don Allah, in ƙafa ɗaya ta kumbura da zafi, musamman bayan doguwar tafiya, kada kowa ya matsa. Ku tafi asibiti.

Jiya na leƙa filin ƙwallo. Wani ya miƙa wa Buba ƙafa, sai ya ɓoye hannuwansa a baya, ya ce, "Tsaya tukuna. Yaushe ka dawo tafiya?"